Gawon da Tayata ta Taka

Ku samarin da ke zaune a kan kabu-kabu a bakin tasha, ina jin abin da kuke faɗa idan na wuce. Wai Malam Ilu ba ya aikin komai, shanu ne ke tafiya, shi kuwa yana bisa amalanke yana gyangyaɗi har a iso. To, ku matso. Yau da gangan na tsaya a wurinku, kuma sai na gama za ku ji dalili. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a a ƙasar Guci, kuma har gobe idan na ɗora wa shanu karkiya da sassafe, na ji tayoyi sun fara kukan nan nasu a cikin rairayi, raina fari tas yake yi. Ina son aikin nan, ba na ɓoyewa.

A wurin ƙanin mahaifiyata na koya, Kawu Mamman. Ba yaro ba ne ni a lokacin, har na yi aure, amma wata uku cur bai bar ni na riƙe igiya ba. Lodi ya fara koya mini. Kaya masu nauyi a bisa tayoyi suke zama, daidai tsakiya. In ka tura su gaba, karkiya ta ci wuyan sa, kafin mako ka ga gyambo. In ka ja su baya, sandar amalanke ta ɗaga, igiya ta shaƙe dabba a maƙogwaro. Mai ƙwai da mai tukwane a tsakiya ake zaunar da su, mai surutu kuwa can baya, don kunnenka ya huta. Sannan ya koya mini karatun rairayi: inda ya kwanta ya yi tauri, inda yake da laushi har taya ta nutse, da lokacin da za ka rage wa taya iska don ta yi faɗi ta haye. Famfo da faci ba sa rabuwa da amalanke, domin ƙayar aduwa ba ta san ranar kasuwa ba. Shanunmu biyu ne, Goje mai zafin kai da Ɗan Fari wanda in ba ka yi masa magana ba sai ya yi barci yana tafiya.

Duk wannan na ɗauka da murna. Abin da na raina shi ne sauran karatun. Ko wane ƙauye muka doso, sai Kawu ya sauko ya kama igiyar hanci, ya ja shanu a ƙasa har mu fita, yana gaisawa da kowa, har da tsohuwar da ba ta ji. A rijiya sai ya jira layi, ko da shanu na huci, kuma ba ya barin su sa baki a komin wani. Hanya kuwa, ko ta yi lanƙwasa kamar igiyar guga, ba ya yanke ta. Wata rana na ce, "Kawu, ga fili nan fetal, me ya sa za mu zagaya?" Ya dube ni ya ce, "Ilu, hanyar nan da kake gani ba gwamnati ce ta shimfiɗa ta ba. Masu gona ne kowa ya matsa kaɗan ya bar mana." Na ce to, a raina kuwa na ce tsufa ne.

Tafiyata ta farko ni kaɗai a ƙarshen bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas amma ruwa bai sauka ba. Ƙafar Kawu ta kumbura, ya miƙo mini tsumagiya ya ce in kai mutane kasuwar Guci. Kai, ranar ji na yi kamar an ba ni jirgin sama! Babbar fasinjata Hajiya Zinaru ce, mai man gyaɗa, da gwangwanayenta reras. Masu sayen manta daga hayin iyaka suke zuwa, kuma da wuri suke lodi su juya. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda mana taya. Kafin in cire, in yi faci, in buga iska, rana ta ɗaga sosai, Hajiya kuwa ta fara ƙirga mini iyayena ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar tafiyar akwai wani ƙauye da muke kira Rijiyar Kalgo. Kafin ka shige shi, hanya tana yin wani dogon zagaye ta bayan wata gona. Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, yanke mana ta nan mana! Ai ba a yi shuka ba, me za ka taka?" Na duba gonar. Cike take da 'yan tsire-tsire, wasu an ɗaura musu tsumma, wasu an jingina musu kara. A garinmu a wancan zamanin, manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ya bar gonarsa tas kamar tsakar gida. Sai na yi dariya na ce wannan ragon manomi ne, bari ma in taya shi aiki. Na karkata Goje, muka faɗa ciki. Ina jin ƙas, ƙas a ƙarƙashin tayoyi, ina jin daɗi. Muka isa kasuwa a kan kari, Hajiya ta sayar da manta, ta cika mini hula da ƙuli-ƙuli, tana cewa na fi Kawu iya tuƙi.

Da la'asar muka juyo. Ku sani, tsakanin garinmu da Guci rijiya ɗaya ce tak a kan hanya, ita ce ta wannan ƙauyen. Da rani babu san da zai je ya dawo da kaya bai sha a nan ba. Na tsayar da shanu, na ɗauki guga zan zura, sai wata matashiyar mata ta kama igiyar ta zare ta daga hannuna. Hinda ce, 'yar mai gonar, amma a lokacin ban san ta ba.

Ta ce, "Kai ne mai amalanken safe?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To ba ka da ruwa a nan. Baba na kiranka."

Na tarar da mahaifinta, Baba Sanda, a tsugune a tsakiyar gona. Sawun tayoyina ga su nan layi biyu, miƙe sambal, ko makaho ya shafa ya san na amalanke ne. Sai a lokacin na dubi abin da na taka da idon basira. 'Ya'yan gawo ne. Kowanne an zaɓe shi, an rage masa rassa, an ɗaura masa tsumma don kada mai noma ya sare. Ƙananan na murƙushe su cikin ƙasa. Akwai ɗaya da ya kai ƙugun mutum, shekararsa uku ana renonsa, taya ta tsaga shi daga gindi, yana kwance, ɓawo kaɗai ke riƙe da shi.

Da Baba Sanda ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya koya maka tuƙi?"

Na ce, "Kawu Mamman."

Ya girgiza kai ya ce, "A'a. Mamman shekara nawa yana bin nan, ko ganye bai taɓa karya mini ba. Wannan kai ka koya wa kanka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Aka kai magana gaban mai gari. Ya ce su ba tara suke so ba. Ƙananan za su sake tohowa daga saiwa, amma babban nan shi ne shari'ar: in ya rayu, guga ya dawo hannuna, in ya mutu, amalankenmu ya nemi wata rijiya. Ranar dai an shayar da Goje da Ɗan Fari, domin mai gari ya ce dabba ba ta da laifi. Hinda ce ta ja musu ruwan da kanta, ni kuwa ina tsaye a gefe da hular ƙuli-ƙuli a hannu.

Kawu ya saurari labarin har ƙarshe, ƙafarsa a miƙe bisa tabarma. Ya ce, "Damina ta kusa, tabkuna za su riƙe ka zuwa kaka. Ranar da suka ƙafe, in ba a buɗe maka rijiyar nan ba, zan sayar da shanun, ka koma wa fartanyarka. Ba zan kashe dabba da ƙishirwa don wautarka ba." Kawu ba ya faɗin magana sau biyu. Sana'ar da na ɗanɗana kwana ɗaya tak, ga ta tana shirin kuɓuce mini saboda itacen da bai kai tsawon tsumagiyata ba.

Washegari na koma a ƙafa, ɗauke da bido, wato jarka, cike da ruwa a ka. Baba Sanda ya gan ni ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ajiye, ka sha abinka. Saiwar wannan ta riga ka sanin inda ruwa yake. Abin da yake so a raba shi da akuya da irinku." Muka tayar da shi a hankali, muka haɗa tsagin, muka shafe da laka, muka naɗe da tsumma, muka kafa masa sanduna biyu kamar yadda ake ɗorin karaya. Na yini ina jan ƙaya ina kewaye shi, hannuwana duk suka yi jini. A nan ya nuna mini yadda abin yake. Shi bai dasa ko ɗaya ba. Da kansu suke fitowa, daga tsohuwar saiwa ko daga kashin dabbobi, aikinsa kawai ya zaɓi mai ƙarfi, ya rage sauran, ya hana a taka. Ya kai ni gindin wani babban gawo, ya ɗebo ƙasar wurin ya zuba mini a tafin hannu, baƙa wuluk, ya ce nan ne hatsinsa ke fin ko'ina zangarniya.

Sai ruwa ya sauka, kuma nan wahalar ta fara. Kun san halin gawo, shi ba ya tafiya tare da jama'a. Lokacin da kowane itace ke yin kore, shi lokacin yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai kaka ya sake tohowa. To ɗan ganyen da ya rage a jikin nawa ya kaɗe. Yanzu ka gaya mini, ta yaya za ka bambance mai rai da matacce, alhali dukansu ƙirare ne tsaye? Wata rana na kasa haƙuri, na sa farce zan kankare ɓawon in ga ko akwai ɗanye a ciki. Ban san Baba Sanda na bayana ba, sai jin sanda na yi a bayan hannu. Ya ce, "Ka taka shi bai ishe ka ba, yanzu kuma feɗe shi za ka yi?"

Duk ranar kasuwa a daminar nan sai na tsaya a bakin gonar, in sauka, in gyara ƙaya, in dube shi, shi ma ya dube ni. Fasinjoji suna ta tsiya, wai Ilu ya yi sabuwar amarya a Rijiyar Kalgo. Abin mamaki, tun daga lokacin idona ya buɗe. Hanyar da na bi wata da watanni ban ga komai ba sai rairayi, ashe cike take da abin mutane. Nan ga ɗan gawo da tsummansa, can ga 'yar magarya an yi mata shinge, ga burtalin da aka bar wa makiyaya. Na fara saukowa a bakin kowane ƙauye ba tare da kowa ya sa ni ba.

Hatsi ya nuna, aka fara girbi, tabkuna suka fara ja da baya suna barin taɓo. Manyan gawo suka fara yin kore ɗaya bayan ɗaya. Nawa shiru. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Na dawo gida wata rana na tarar Kawu ya kawo dillali yana buɗe bakin Goje yana duba haƙora.

Kasuwar da ta biyo baya, na ɗauko mata da buhunan wake. Tun daga nesa na hango Baba Sanda zaune a bakin shingen, ya ba hanya baya. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, ya zauna ne ya yi mini ta'aziyya. Na sauka na nufe shi. Sai ya nuna da sandarsa. Sama da ɗaurin, a jikin wani ɗan reshe, ga wasu 'yan ganyaye ƙanana sun leƙo, kore shar, ba su fi ƙwayar gero ba.

Jama'a, ihun da na yi har Ɗan Fari ya farka! Na yi tsalle, hulata ta faɗa cikin ƙaya, na rungume tsohon nan har yana cewa in sake shi zan karya shi shi ma. Na ruga wurin amalanke ina ce wa mata, "Ya yi! Wallahi ya yi!" Su kuwa ba su san me ya yi ba, amma wata ta rangaɗa guɗa. Muka gangara rijiya. Hinda na nan da tulunta. Ta dube ni, ta dubi mahaifinta, sannan ta miƙo mini igiyar guga ta ce, "Ja, layinka ne." Ban taɓa jan ruwa mai daɗin na ranar nan ba, na cika komi, na cika tulun Hinda, na cika na duk matar da ke wurin har kafaɗata ta yi tsami.

Gawon ya girma, amma a karkace, da ƙulli a gindi inda taya ta bi. Bayan shekaru masu yawa muka shiga muguwar shekarar nan da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ciki ba. Babu kara, babu harawa. Lokacin Kawu ya rasu, amalanke ya zama nawa, da wasu shanun daban. Haƙarƙarinsu ya fito har kana iya ƙirgawa. Wasu abokan sana'armu suka shiga hawa itatuwan bakin hanya da gatari suna sassaro wa dabbobinsu rassa, ƙauyuka kuwa suka shiga toshe hanyoyi da ƙaya. Ni ma hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na bar gatarina a gida. Wata ranar kasuwa na iso Rijiyar Kalgo, sai ga Hinda da buhu cike da 'ya'yan gawo, irin jajayen nan masu lanƙwasa da dabba ke rububi. Ta ce, "Baba ya ce na karkataccen nan ne. Duk abin da ya zubar bana na shanunka ne." Da shi suka ga damina.

Yanzu kuma ga wani zamani ya zo mai daɗi. Itatuwan da su Baba Sanda suka rena sun sa ƙasarmu ta yi suna, har baƙi ke zuwa kallo. 'Yan makaranta daga Damagaram, ma'aikatan furoje, wato ayyukan raya karkara, daga Yamai, wani lokaci har da Turawa. Motarsu ta kafe a rairayi, sai a ce a kira Malam Ilu. Ina jin daɗin ɗaukarsu ƙwarai, tambaya gare su kamar ba za su ƙare ba. Amma kafin kowa ya hau sai na gaya masa sharaɗina. Leda da robar ruwa a buhun da ke rataye a baya ake sa su, domin akuyar da ta haɗiye leda ta wani ce. Ba a ɗaukar mace foto a bakin rijiya sai an tambaye ta. A bakin gari kowa zai sauko mu shiga a ƙafa, mu fara gaida mai gari. In yunwa ta zo, furar matan garin za mu saya, ba abin gwangwanin da aka ɗauko daga birni ba. Ba a karya reshe don a kai gida a nuna.

Kwanan baya na ɗauko wani mushe, wato malamin boko, da ɗalibansa. Da muka iso zagayen nan ya dubi agogo ya ce, "Malam, ba za mu yanke ta nan ba? Ai babu shuka." Dariya ta kama ni har na kusa faɗowa. Na ce, "Mushe, maganar nan an taɓa gaya mini ita, a daidai wurin nan. Sauko ka ga amsarta." Na kai su inuwar karkataccen gawon, wanda yanzu mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa. Baba Sanda ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Hinda ce ke riƙe da gonar, ta zama kaka, bakin nan nata kuwa yana nan yadda yake. Wata ɗaliba ta shafa ƙullin ta ce, "Inna, me ya lanƙwasa shi haka?" Hinda ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi direbanku." Yaran suka yi ta rubutu, mushe kuwa bai sake duban agogo ba.

To ga abin da ya tsayar da ni a wurinku. Shekaranjiya na bi ta Rijiyar Kalgo, na ga sawu a cikin gonar nan, daga wannan baki zuwa wancan. Ba layi biyu ba ne irin nawa, layi ɗaya ne, kuma duk mun san abin da ke barin layi ɗaya. 'Ya'yan gawo huɗu ne a kwance, ɗaya ya kai gwiwa. Mutanen garin sun fara maganar jawo ƙaya su rufe wa babura hanya gaba ɗaya, kuma in suka rufe, kasuwar Guci ta yi muku nisa ku duka. Na roƙi mai gari ya dakata zuwa jibi.

Ba zan tambayi ko wane ne ba, na ga ma wani ya sunkuyar da kai yana gyaran madubin da ba abin da ya same shi. Gobe da sassafe zan ɗaura shanu, na riga na yanko sanduna, kuma akwai wuri a bayan amalanke. Hinda ta ce in gaya masa laka tana da ita, shi dai ya zo da tsumma.